Horatio Nelson (1758–1805): Hafsan da Ya Yi Suna da Ƙetare Umurni

A tarihin yaƙin teku na ƙasashen Turai babu sunan da ya kai na Horatio Nelson fita, har ya zamana in Baturen Ingila ya tashi buga misali da jarumtaka, da shi yake farawa. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne cewa aikin sojan ruwa na wancan zamani bisa biyayya tsantsa aka gina shi. Akwai dokokin yaƙi rubutattu, kuma hafsan da aka ga ya gaza yana iya rasa ransa, kamar yadda aka harbe Admiral John Byng a 1757, shekara guda kafin a haifi Nelson. A cikin irin wannan aiki ne aka sami mutumin da ya shahara da bin ra'ayin kansa duk sa'ad da ya ga umurnin na gaba da shi bai dace ba. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan hali nasa, domin shi ya ba shi nasarorin da ake yaba masa, shi ne kuma ya jawo masa tabon da har yau masana tarihi ba su gama muhawara a kansa ba.

An haife shi ran 29 ga Satumba 1758 a ƙauyen Burnham Thorpe, cikin lardin Norfolk a gabashin Ingila. Mahaifinsa limamin cocin ƙauyen ne, ba mai wani hali ba, mahaifiyarsa kuwa ta rasu a 1767. Abin da ya buɗe masa hanya shi ne kawunsa, Kyaftin Maurice Suckling, wanda ya ɗauke shi a jirginsa a 1771, yaron yana da shekara 12. Kafin ya cika 18 ya riga ya je tsibiran Karibiyan, ya shiga tafiyar bincike cikin ƙanƙarar arewacin duniya a 1773, ya kuma kai Indiya, inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi. Ya ci jarrabawar zama laftana a 1777, a lokacin da kawun nasa yake riƙe da babban muƙami a hukumar kula da jiragen yaƙi, sa'an nan ya zama kyaftin a 1779 yana da shekara 20 kacal. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Wannan sammako ya yi masa rana, domin a tsarin lokacin, daga muƙamin kyaftin zuwa sama bi da bi ake hawa, gwargwadon ranar da mutum ya shiga jerin kyaftin-kyaftin. Shi ya sa ya kai ga muƙamin admiral yana ɗan shekara 38.

Alamar halinsa ta fara bayyana ne a lokacin zaman lafiya. Daga 1784 zuwa 1787 ya riƙe jirgin Boreas a Karibiyan. Amurka ta riga ta sami 'yancin kai, saboda haka a dokar Ingila jiragenta sun zama na baƙi, ba su da izinin ciniki da tsibiran da Ingila ke mulka. Amma 'yan kasuwar tsibiran suna buƙatar kayan Amurka, shugaban Nelson kuwa, Sir Richard Hughes, ya ga gara a kau da kai. Nelson ya ƙi, ya kama jiragen Amurka, 'yan kasuwa suka kai shi ƙara, har ya zamana na wani lokaci ba ya iya sauka tudu don kada a kama shi. A tsibirin Nevis ɗin nan ne ya auri wata bazawara, Frances Nisbet, a 1787. Da ya koma gida sai da ya shekara biyar ba a ba shi jirgi ba, yana zaune a ƙauye bisa rabin albashi.

Yaƙi da Faransa ya ɓarke a 1793, aka ba shi jirgin Agamemnon mai igwa 64, aka tura shi Bahar Rum. A 1794, wajen kewaye garin Calvi a tsibirin Kosika, harsashin igwa ya watsa masa tsakuwa a fuska, idonsa na dama ya daina gani.

Don a fahimci abin da ya aikata bayan haka, sai an san yadda ake yaƙin teku a zamanin. Jiragen na katako ne, iska ke tura su ta filafilai, igoginsu kuma a haƙarƙarin jirgi suke jere, watau goshi da baya kusan ba su da makami. Saboda haka al'ada ita ce kowace runduna ta jera jiragenta a sahu guda, ɗaya na bin ɗaya, sahun nan biyu su yi ta ɓarin wuta har ɗaya ya gaji ya janye. Irin wannan karo ba safai yake ƙarewa da halakar wani ɓangare ba. Fita daga sahu ba tare da izini ba kuwa babban laifi ne.

Ran 14 ga Fabrairu 1797, a gaban Ras St Vincent da ke kudancin Fotugal, Admiral Sir John Jervis da jirage 15 ya gamu da rundunar Sifaniya mai jirage 27. Jervis ya ratsa tsakaninsu ya raba su biyu, ya umurci jiragensa su juyo ɗaya bayan ɗaya. Nelson, wanda yake can wajen ƙarshen sahu a jirgin Captain, ya hango cewa kafin a gama juyawa abokan gaba za su sake haɗewa. Sai ya fice daga sahu ya tare musu gaba. Jirginsa ya sha wuta ƙwarai, duk da haka ya manna shi a jikin San Nicolas, ya haura da mutanensa da takubba, suka kama shi, daga kansa kuma suka tsallaka cikin San Josef wanda ya sarƙe da shi, suka kama wannan ma. Jervis ya karɓe shi da yabo, Sarki ya ba shi lambar girma. Da abin ya ɓaci, kotun soja ce za ta karɓe shi, kuma daga ranar nan ya gane cewa nasara tana wanke laifi.

Wata biyar bayan haka wannan yarda da kai ta kai shi ga asara. A Yuli 1797 ya kai hari garin Santa Cruz a tsibirin Tenerife, ya sake komawa da dare bayan yunƙurin farko ya tonu kuma masu gari sun shirya. Mutanensa masu yawa suka halaka, da yawansu a ruwa suka nutse, shi kansa harsashi ya farfasa masa hannun dama, aka yanke shi a daren. Kwamandan garin, Antonio Gutiérrez, ya nuna dattaku, ya bar waɗanda suka saura suka koma jiragensu.

Yaƙin Abu Ƙir

A 1798 Napoliyon ya tashi daga Toulon da runduna mai yawa, Ingila ba ta san inda ya nufa ba. Aka tura Nelson nemansa. Ƙananan jiragen sintirinsa sun rabu da shi bayan wata guguwa, ya zama kamar makaho a tsakiyar teku. Ya yi hasashen Masar, hasashen kuma daidai ne, amma saurinsa ya yi yawa: ya wuce Faransawa da dare bai sani ba, ya isa Iskandariya ran 28 ga Yuni, ya tarar ba kowa. Malamin tarihin nan na Masar, Abdurrahman al-Jabarti, ya kawo labarin zuwan jiragen Ingila, da yadda shugaban garin, Sayyid Muhammad Kurayyim, ya ƙi amincewa da su, yana zaton makirci ne. Nelson ya yi gaba, bayan 'yan kwanaki Faransawa suka sauka, suka ci Iskandariya, suka karya Mamluk, suka shiga Alƙahira.

Sai ran 1 ga Agusta ya iske jiragen yaƙinsu 13 a lungun Abu Ƙir, kusa da bakin Kogin Nilu. Admiral Brueys ya jera su bisa anka a gefen wani wuri mai ƙarancin zurfi, yana ganin ba mai iya bi ta tsakaninsa da tudu, kuma da yake rana ta kusa faɗuwa bai zaci za a auka masa kafin gari ya waye ba. Nelson bai jira ba. Kyaftin Thomas Foley, wanda jirginsa Goliath ke kan gaba, ya lura cewa in dai jirgi mai anka yana da filin juyawa da iska, to akwai zurfin da wani jirgi zai ratsa. Ya kutsa ta ɓangaren tudu, wasu huɗu suka bi shi, sauran suka bi ta ɓangaren teku, aka sa jiragen gaba na Faransa a tsakiya ana cin su ɗaya bayan ɗaya, na baya kuwa iska ta hana su kawo gudummawa. Wajen ƙarfe 10 na dare wuta ta kai ga rumbun albarushin babban jirginsu, L'Orient, ya tarwatse da ƙarar da ta sa aka tsai da harbi na ɗan lokaci. Daga cikin 13 ɗin nan biyu kaɗai suka tsira.

Masana sun yi saɓani kan ko Nelson ne ya umurci Foley, ko kuwa Foley ne ya yanke shawarar da kansa. Ko wanne ne, amsar tana komawa ga abu guda. A makonnin da aka yi ana nema, Nelson yakan kira kyaftin-kyaftin ɗinsa jirginsa a ci abinci a tattauna, har kowannensu ya san abin da shugaba yake so ba sai an ɗaga masa tuta ba. 'Yancin da ya ƙwata wa kansa a St Vincent shi ya ba na ƙasa da shi, kuma wannan ita ce gudummawarsa ta haƙiƙa ga fasahar jagoranci. Sakamakon yaƙin shi ne sojojin Faransa suka maƙale a Masar ba hanyar komawa, har suka miƙa wuya a 1801. Sultan Salim na Uku na Daular Usmaniyya ya aika masa da wani ado na lu'ulu'u da ake maƙalawa a rawani, Ingila kuma ta ba shi sarautar Baron.

Naples

Daga Masar ya wuce Naples a kudancin Italiya da rauni a goshi, inda jakadan Ingila, Sir William Hamilton, da matarsa Emma suka yi jinyarsa. Emma aminiyar Sarauniya Maria Carolina ce, ita kuwa Sarauniya 'yar'uwar Marie Antoinette ce wadda 'yan juyin juya halin Faransa suka fille wa kai. Nelson ya faɗa son Emma, ya kuma ɗauki gabar fadar Naples tamkar tasa. Yana cikin waɗanda suka zuga Sarki Ferdinand ya kai wa Faransawa hari a Rum, harin ya watse, a Disamba 1798 Nelson ya kwashe iyalin sarki ya gudu da su Palermo a Sisili. Masu ra'ayin sauyi na Naples, yawancinsu malamai da lauyoyi da likitoci da 'ya'yan manyan gida, suka kafa jamhuriya a ƙarƙashin inuwar Faransa.

Jamhuriyar ba ta yi ƙarko ba. Cardinal Ruffo ya tara talakawan karkara ya ƙwato birnin a Yuni 1799, 'yan jamhuriya suka fake a ganuwoyi biyu. Aka ƙulla yarjejeniya cewa in sun miƙa wuya za a bar su su tafi Faransa ko su koma gidajensu lafiya, Ruffo ya sa hannu, Kyaftin Edward Foote ya sa a madadin Ingila, wakilan Rasha da na Usmaniyya ma suka sa. Nelson ya iso ran 24 ga Yuni ya ce bai yarda ba, domin a ganinsa Ruffo ba shi da ikon yi wa 'yan tawaye sassauci. Ruffo ya tsaya kan alkawarinsa. Bayan kwana biyu aka aika masa da saƙon da ya fahimta a matsayin cewa Nelson ba zai hana tafiyar ba, mutanen suka fito suka shiga jiragen da za su kai su Toulon, sai aka tsare jiragen a ƙarƙashin igogin Ingila, aka riƙa zaƙulo su ana miƙa wa hukumar sarki. An kashe kimanin mutum 100, cikinsu har da marubuciya Eleonora de Fonseca Pimentel. Admiral Francesco Caracciolo, wanda ya taɓa yaƙi tare da Ingilishi kafin ya koma wa jamhuriya, an yi masa shari'a a jirgin Nelson ran 29 ga Yuni, ya roƙi a harbe shi irin na soja aka ƙi, aka rataye shi da yammacin ranar, aka jefa gawarsa a teku.

Masu kare Nelson suna cewa ya bi nufin halattaccen sarki ne, kuma bai yi niyyar yaudara ba. Ko an karɓi wannan, gaskiyar da ba ta kauwa ita ce mutane sun bar mafakarsu bisa alkawarin da hafsan Ingila ya sa wa hannu, kuma ƙarfin Ingila ne ya miƙa su ga igiya. Charles James Fox ya ta da maganar a majalisar dokoki a 1800, Robert Southey ma, wanda littafinsa na 1813 yabon Nelson ne, bai iya wanke shi a nan ba. Ferdinand ya saka masa da sarautar Bronte a Sisili. A Yulin shekarar kuma, da shugabansa Lord Keith ya umurce shi ya kai jirage tsibirin Minorca, ya ƙi, yana cewa Naples ta fi muhimmanci. Hukumar sojan ruwa ta tsawata masa, amma abin ya tsaya a tsawa. Ya koma Ingila a 1800 tare da Hamilton da matarsa, ya rabu da Frances a farkon 1801, a daidai lokacin da Emma ta haifa masa 'ya mace, Horatia.

Ƙin umurninsa da ya fi shahara a Copenhagen ya auku, ran 2 ga Afrilu 1801. Rasha da Danmak da Suwidin da Prussia sun haɗa kai don hana Ingila binciken jiragensu na ciniki, aka tura Sir Hyde Parker, Nelson na mataimakinsa. Nelson ya shiga mashigin birnin da jirage 12, uku suka kafe a yashi, wuta ta yi zafi, Parker daga nesa ya ɗaga tutar janyewa. An ruwaito cewa Nelson ya ɗora madubin hangen nesa a kan makahon idonsa ya ce shi bai ga wata tuta ba. Daga baya aka rubuta wannan labari, amma ƙin janyewar tabbas ne, kuma yana da hujja, domin hanyar fita ta gaban igogin ganuwar Danmak take. Ƙananan jiragen da suka bi umurnin Parker a nan aka kashe kwamandansu, Edward Riou. Nelson ya aika wa Yariman Danmak wasiƙa aka tsai da wuta. Abin takaici shi ne an riga an kashe Sarkin Rasha Paul, jigon ƙawancen, tun cikin Maris, labari ne bai iso ba. Aka kira Parker gida, aka ba Nelson rundunar.

Trafalgar

Da yaƙi ya sake tashi a 1803 aka ba shi rundunar Bahar Rum a jirgin Victory, ya yi kusan shekara biyu yana gadin Toulon bai taka tudu ba. A ƙarshen Maris 1805 Admiral Villeneuve, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira a Abu Ƙir, ya sulale ya haɗu da jiragen Sifaniya ya nufi Karibiyan. Dabarar Napoliyon ita ce a janye jiragen Ingila nesa, sa'an nan a dawo a share wa sojojinsa da ke Boulogne hanyar ƙetarawa. Nelson ya bi shi har can ya kuma biyo shi. Villeneuve ya ƙare a tashar Cadiz cikin Agusta, Napoliyon ya kwashe sojojinsa ya nufi Jamus. Saboda haka maganar da aka saba yi cewa Trafalgar ce ta hana a ci Ingila da yaƙi a shekarar tana buƙatar gyara, domin an fasa shirin wata biyu kafin a yi karon.

A takardar da ya rarraba wa kyaftin-kyaftin ran 9 ga Oktoba, ya bayyana cewa za a yar da al'adar sahu biyu masu fuskantar juna. Za a tunkari abokan gaba a jeri biyu, a sare sahunsu a wuri biyu, a murƙushe tsakiya da baya kafin na gaba su juyo. Ya ƙara da cewa in hayaƙi ya hana ganin tuta, kyaftin ɗin da ya manna jirginsa a jikin na abokin gaba bai yi kuskure ba. Haɗarin dabarar a fili yake: jiragen da ke kan gaba za su daɗe suna shan wuta a goshi ba su da halin ramawa. Ya dogara ne da cewa ma'aikatan igoginsa, waɗanda suka shekara a teku, sun fi waɗanda aka tsare a tasha saurin ɗuri da harbi.

Ran 21 ga Oktoba 1805 aka gamu a gaban Ras Trafalgar, wurin da sunansa ya samo asali daga Larabcin Andalus, daga kalmar ɗaraf, watau gefe, kamar yadda ita kanta kalmar admiral daga amir ta fito. Jiragen Ingila 27 ne, na Faransa da Sifaniya 33. Cuthbert Collingwood ya ja jeri ɗaya, Nelson ya ja ɗaya. Iska ba ta da ƙarfi, Victory ta yi ta jan ciki cikin ruwan harsashi har ta sare sahu ta sarƙe da jirgin Faransa Redoutable, wanda kyaftin ɗinsa Lucas ya horar da mutanensa harbin bindiga daga saman jigon filafilai. Wajen ƙarfe 1 da kwata, Nelson yana kai da kawowa a sarari tare da Kyaftin Hardy, lambobin girma a ƙirjin rigarsa, harsashi ya shiga ta kafaɗarsa ta hagu ya karya ƙashin baya. Ya rayu har aka shaida masa an yi nasara, ya cika wajen ƙarfe 4 da rabi. Abokan gaba sun rasa jirage 18 da dubban mutane, Ingila ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba, amma an kashe mata kimanin 450. Guguwar da ya yi hasashenta ta taso bayan yaƙin, ta lalata yawancin jiragen da aka kama, huɗu kaɗai aka kai Jibralta.

An sa gawarsa cikin ganga mai barasa don kada ta ruɓe, aka binne shi a cocin St Paul a Landan ran 9 ga Janairu 1806, cikin akwatin da aka sassaƙa daga jigon L'Orient. A safiyar yaƙin ya rubuta wasiyya yana roƙon ƙasarsa ta kula da Emma. Gwamnati ta ba ɗan'uwansa William sarauta da dukiya, ta yi biris da wasiyyar, Emma ta mutu cikin bashi a Calais a 1815.

Bayan Trafalgar ba a sake samun rundunar da ta ja da Ingila a babban yaƙin teku ba har fiye da shekara 100, kuma ta wannan fuska ce tarihin Nelson ya taɓo Afirka. Rinjayen nan ne ya ba Ingila ikon kafa rundunar sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma a 1808 don kama jiragen bayi, bayan dokar hana cinikin ta 1807, shi ne kuma ya kai igoginta gaban Ikko a 1851. Shi Nelson kansa ba ya cikin masu neman a hana cinikin. A Yuni 1805 ya rubuta wa Simon Taylor, wani babban mai gonakin rake da bayi a Jamaika, wasiƙar da ya nuna goyon bayansa ga masu gonakin ya kuma soki William Wilberforce. An buga wasiƙar a 1807, kuma bincike ya nuna an taɓa wasu kalmominta kafin bugawa, amma matsayinsa a cikinta bai sauya ba. Alhali kuwa a cikin ma'aikatan jiragensa akwai baƙaƙen fata daga Afirka da Karibiyan, har an zana ɗayansu riƙe da bindiga a allon tagullar da ke gindin hasumiyarsa ta Dandalin Trafalgar, wadda aka kammala a 1843. Hasumiyar tana nan tsaye a Landan. Wadda aka gina masa a Dublin an tarwatsa ta da bam a 1966, gunkinsa na Bridgetown kuwa, wanda masu gonakin Barbados suka kafa a 1813, gwamnatin tsibirin ta sauke shi a Nuwamba 2020 ta kai gidan adana kayan tarihi.